Barin Aji Don Aikin Kamfani: Nazarin Shawarar Wani Malamin Kemistiri a Zariya

Malamin da wannan nazari ya shafa yana koyar da kemistiri ne a wata sakandaren gwamnati da ke Zariya, har zuwa tsakiyar 2025. Shekarunsa 37 a lokacin, yana da mata da 'ya'ya huɗu, yana zaman haya a Tudun Jukun. Mahaifiyarsa tana gidan gado a cikin birni, cefanenta da maganinta kuma suna wuyansa shi da yayansa. Ya yi NCE a FCE da ke Gyallesu, ya ɗora da digirin koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi wasu shekaru yana fama a makarantun kuɗi na Sabon Gari kafin Allah ya ba shi aikin gwamnati a 2018. Ni ne ma'ajin ƙungiyar taimakon juna ta malaman makarantar, shi ya sa lissafinsa ya biyo ta hannuna. Ya yarda a rubuta, bisa sharaɗin a sakaya sunansa da na makarantar da na kamfanin.

A watan Maris na 2025 wani abokin karatunsa ya yi masa hanyar aiki a wani kamfanin iri da takin zamani. Irin kamfanonin nan ne da ke ba manoma iri da taki da maganin feshi bashi a farkon damina, su biya da buhunan masara idan kaka ta yi. Ana neman jami'in da zai yi wa manoma rajista, ya auna gonaki, ya raba kaya, ya koya musu yadda ake sa taki da haɗa maganin feshi, sannan ya bi su ya karɓo bashin. Yankin aikin ya haɗa da Giwa da Kudan da Makarfi da Soba. Albashi naira 290,000 a wata, ga babur, ga kuɗin mai. Kwantiragi ne na shekara ɗaya da ake iya sabuntawa, kuma suna son ya fara a watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka.

A makaranta yana mataki na 10. Bayan an cire fansho da haraji da kuɗin ƙungiya, abin da ya rage masa kimanin naira 125,000 ne. A ciki muna zarar 20,000 duk wata na bashin da ya ci ya biya haya, don haka alat ɗin da ke shigo masa bai wuce 105,000 ba.

Lissafin farko da na biyu

Ranar da ya kawo mini takardar kamfanin, maganarsa ta farko ita ce, "Ma'aji, ninki biyu ne fa har da ɗoriya." Haka kowa zai gani idan ya ajiye 290,000 kusa da 125,000. Amma na farkon albashi ne da ba a taɓa shi ba, na biyun kuwa an riga an yanke duk abin da za a yanka. Da muka cire kashi 8 cikin 100 da dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci, muka cire haraji, sai 290,000 ta dawo wajen 240,000.

Daga nan na ce ya rubuta duk abin da ke shiga gidansa a shekara, ba alat kaɗai ba. A nan lamarin ya canza kama. Yana tashi daga makaranta da misalin ƙarfe biyu. Bayan la'asar yana zuwa wani wurin lesin a kusa da Kwangila, inda ake shirya yara jarrabawar JAMB da WAEC, ana ba shi 40,000 a wata na kimanin wata takwas a shekara. Idan aka baza wannan a kan wata goma sha biyu, ya kama 27,000. Sannan akwai gonar gado a bayan Dakace, wadda yake samun buhun masara wajen ashirin da ɗan waken suya. Bayan an fitar da zakka, an cire kuɗin taki da na 'yan ƙodago, abin da ya rage idan aka yi masa kuɗi ya kai 40,000 a wata. Bai taɓa lissafa gonar a matsayin kuɗin shiga ba, saboda ba ya ganin kuɗin da ido, abin da ya sani kawai shi ne gidansa da na mahaifiyarsa ba sa awon masara. A 2024, lokacin da buhu ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, wannan kaɗai ya raba shi da abokan aikinsa da dama.

Jimilla ta tashi wajen 190,000. Kenan ratar da ya ɗauka 165,000 ce ta koma 50,000, kuma a cikinta zai ci abinci a hanya, ya sa katin waya, ya riƙa gyaran baburin da ke bin hanyar ƙauye cikin laka.

Abin da malamai da yawa ba sa gani ke nan idan aka yi musu tayin aiki. Rabin amfanin koyarwa a makarantar gwamnati ba ya cikin albashi, yana cikin yammacin da ke hannun malami da kuma dogon hutun da ke faɗawa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin taki na biyu da ban ƙasa. Kundin tsarin mulki ma, a inda ya hana ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci, ya ware noma ya halatta masa. Lesin ɗin yamma kuwa kowa ya san ana yi, kowa kuma ya kawar da kai. Kamfani ba ya barin wannan gurbin. Idan ya ba ka 290,000, ya saye ka ne daga asuba zuwa magariba har da Asabar, kuma lokacin da gonarka ta fi bukatarka shi ne lokacin da gonakin manomansa suka fi bukatarka.

Na ɗauka da ya ga wannan zai naɗe takardar ya mayar. Bai mayar ba, kuma dalilinsa ya fi nawa ƙarfi.

Ya ce shi ba albashin bana yake dubawa ba, inda albashin ya dosa yake dubawa. A 2019 mafi ƙarancin albashi ya koma 30,000, Jihar Kaduna kuma tana cikin na farko da suka fara biya. A ƙarshen Oktoban 2024 Gwamna Uba Sani ya amince da 72,000, a fara biya daga Nuwamba, bayan gwamnatin tarayya ta tsayar da 70,000. Wato ya ninka sau biyu da ɗan wani abu, shi ma ga na ƙasa, domin ƙarin da ake yi wa na matakan tsakiya ba ya kai wannan kason. Litar man fetur kuwa, wadda ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Shi da yake zuwa makaranta a kan babur ɗinsa, ba sai an karanta masa alƙaluma ba.

Sai ya yi mini tambayar da ba ni da amsarta: "Ma'aji, tsakaninka da Allah, manyanmu da ke mataki na 14 da 15, akwai wanda ba ya cikin littafin bashinka?" Littafin a hannuna yake. Mutanen da suka haura shekara ashirin da biyar suna koyarwa, da su ake layin rance idan kuɗin makarantar yara ya zo ko Sallah ta gabato. Ya ce idan ya yi haƙurin wasu shekaru ashirin, can zai isa. Ya kuma tuna mini alkawarin da Shugaba Buhari ya yi ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba 2020, na tsarin albashi na musamman ga malamai da ƙarin shekarun aiki. Ƙarin shekarun ya zama doka a 2022, shekara 65 da haihuwa ko 40 a aiki. Albashin na musamman kuwa har ranar da muke maganar bai gan shi a alat ba. "An ƙara mana shekarun wahala, ba a ƙara abin wahalar ba," in ji shi.

Waɗanda aka shawarta

Mahaifiyarsa ce ta fi kowa tsayawa a kan kada ya bari. Marigayi mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Sabon Gari, kuma duk da jinkirin da ake sha, fansho ne ya riƙe gidan bayan ya ajiye aiki. A wurinta aikin gwamnati abu ne da ake mutuwa a kansa. Ta ce masa, "Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Mutane na neman aikin gwamnati da kuɗinsu, kai an ba ka za ka yar?"

Ya ce, "Inna, fanshon Baba daban, namu daban."

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan na cikin abubuwan da suka fi nauyi a lamarin. Ya shiga aiki bayan jihar ta koma tsarin fansho na karo-karo, inda ake cire wani kaso daga albashin ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ya ƙara nasa, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin a wani kamfanin kula da fansho. Asusun nasa ne, duk inda ya koma aiki yana bin sa. Idan ya bar gwamnati abin da ya tara ba ya ɓacewa, sabon wurin aiki zai ci gaba da zubawa a lamba ɗaya, kuma a ƙarƙashin dokar 2014 kamfani zai ƙara kashi 10 a kan kashi 8 na ma'aikaci. Tunda kaso ne na albashi, mai babban albashi shi ya fi tarawa. Dokar ta kuma ba wanda ya rasa aiki, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, damar cirar kashi 25 na abin da ke asusunsa. Igiyar da ta ɗaure iyayenmu a aikin gwamnati har tsufa, wato tsoron asarar fansho da garatuti, ba ta ɗaure ɗan 2018 yadda ta ɗaure su ba.

Maganar cewa ba a korar ma'aikacin gwamnati kuwa, a Kaduna ba a faɗa wa malami ita. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai ta yi wa malaman firamare jarrabawar gwaji, aka sallami 21,780. A 2022 aka sake sallamar 2,357. Malaman firamare ne, shi kuma na sakandare ne, kuma ana iya muhawara a kan ko jarrabawar ta dace ko ba ta dace ba. Amma duk malamin da ya ga wannan da idonsa ya daina ɗaukar takardar kama aiki a matsayin gadon da ba ya ƙarewa. Aikin gwamnati ya fi kwantiragin shekara ɗaya tabbas nesa ba kusa ba, wannan babu gardama. Abin da na gani shi ne Inna tana auna tabbacin da ma'aunin zamanin mijinta.

Matarsa, wadda ke ɗinki a gida, ba ta shiga maganar fansho ba. Abu biyu ta riƙe. Na farko hanya: kowa a Zariya ya san abin da ƙauyukan Giwa suka sha a hannun 'yan bindiga, kuma mutum a kan babur ɗin kamfani, an san yana raba taki, ba ɓoyayye ba ne. Na biyu ta tambaye shi, "Malam, idan shekara ta cika suka ce sun gode, me za ka riƙe a hannunka?" A duk shawarwarin da aka ba shi, wannan tambayar ce ta fi amfani, domin ita ta mayar da hankalinsa daga albashi zuwa abin da zai rage masa bayan albashi: sanin manoma, sanin dillalan taki da hatsi, sanin yadda ake tafiyar da rumbun ajiya da lissafin kaya. A ƙasar da noman masara ya yi ƙarfi kamar tamu, ga cibiyar binciken aikin gona ta IAR a Samaru, ga kamfanonin iri a cikin gari, wannan sani ba ya rasa mai saye.

Shugaban makaranta shi ya zo ta inda ya fi ciwo. Malamin nan shi kaɗai ne mai kemistiri daga aji ɗaya zuwa aji uku na babbar sakandare, ga WAEC ta ƙarato. Shugaban ya ce, "Malam, yaran nan fa? Amana ce a hannunka. Ladan malami ai ba a nan ake karɓarsa ba."

Ya amsa, "Ranka ya daɗe, na sani. Amma mai gidan haya a nan yake karɓar nasa."

Ba na zargin shugaban, domin ya san idan wannan ya tafi, kafin a turo wani sai an ga abin da Allah ya yi. Sai dai ina da ja a kan yadda muke amfani da kalmar amana mu rufe bakin malami. Wannan gari ya san malamai da suka bar aji. Kwalejin Barewa, wadda ta faro daga Katsina a 1921 kafin ta zauna a Zariya a 1949, ta samo asali ne daga makarantar horar da malamai. A cikin tsofaffin ɗalibanta, Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shugabanci Midil ta Bauchi, Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru kafin ya ajiye aiki ya shiga siyasa, Shehu Shagari ma malami ne. Babu wanda ya kira su maciya amana. Amanar da ke wuyan malami tana da iyaka: yaran da ya karɓa ya kai su inda ya yi alkawari, ya ba da sanarwa a kan lokaci, ya miƙa aiki a tsare. Samar da malamin da zai gaje shi aikin wanda ya ɗauke shi ne.

Shi kansa haka ya fahimta, kuma a kan haka ya ƙi fara aiki a Afrilu.

Akwai wata shawara da aka ba shi a ɗakin malamai, cikin raɗa: ya riƙe biyu. Ya samo wani matashi mai digiri da ke zaune ba aiki, ya riƙa shiga aji a madadinsa, su raba albashin gwamnati, shi kuma ya tafi kamfani. Ana yi, ba sabon abu ba ne. Ya ce ba zai ciyar da 'ya'yansa da kuɗin aikin da bai yi ba, kuma ranar da aka zo tantance ma'aikata asiri ya tonu, kora ce ta wulaƙanci. Ya tambayi ko zai samu hutun da ba a biya na shekara ɗaya, shugaban ya gaya masa gaskiya cewa irin wannan hutu ana ba da shi ne don ƙarin karatu da makamantansa, ba don mutum ya je ya ɗana aikin kamfani ya gani ba. Ya kuma leƙa hanyar Ingila, tunda daga Fabrairun 2023 an buɗe wa malaman kimiyya da lissafi na Nijeriya ƙofar neman shaidar koyarwa a can, amma kuɗin tafiya da tsufan Inna suka rufe wannan babin cikin mako guda.

Abin da ya nema kafin ya sa hannu

Ya koma kamfanin da buƙatu huɗu. A ɗaga masa farawa zuwa Yuni, bayan yaransa sun rubuta kemistiri. A cire masa ƙauyukan da hanyarsu ba ta da aminci. A rubuta cewa za a riƙa zuba fanshonsa a asusunsa na da. A mayar da kwantiragin shekara biyu. Ukun farko aka ba shi, aka bar masa Kudan da Makarfi da wani yanki na Soba. Na huɗu suka ce ko manajansu shekara ɗaya-ɗaya ake sabunta masa.

Wurin karanta takardar ne muka ci karo da sakin layin da abokin nasa bai ambata ba. Akwai garaɓasar ƙarshen shekara, amma sai jami'i ya karɓo kaso mai yawa na bashin manomansa. Kayan da suka yi giɓi a hannunsa kuma daga albashinsa za a cire, sannan sai ya kawo mai tsaya masa. Yayansa ya tsaya masa, bayan ya sa shi ya yi alkawarin ba zai taɓa miƙa buhun taki ba tare da sa hannu ba, ko ga ɗan'uwa ne.

Saura bashinmu. Ƙungiya tana cire kuɗinta ne daga albashi, wanda ya bar aiki kuwa ba mu da inda za mu kama shi, don haka doka ita ce a biya kafin a tafi. Ana bin sa 160,000. Ya sayar da waken suya da wasu buhunan masara ya biya, abin da ya sa ya shiga sabon aiki da rumbu rabi. Ya sabunta lasisinsa na hukumar rajistar malamai ta TRCN, domin ko ba komai makarantun kuɗi na nan. Ya yi istihara, ya je ya durƙusa gaban Inna har ta ce Allah ya sa alheri, duk da ba da sakin fuska ta faɗa ba. Ya ba da sanarwar wata guda, ya miƙa makullin ɗakin gwaje-gwaje da jerin sinadaran da suka rage.

Damina da kaka

Watannin farko sun yi masa daɗi fiye da zato. Ashe mafi yawan aikin koyarwa ne. Tara manoma talatin a gindin bishiya a fahimtar da su murfi nawa na magani ake zubawa a tankin feshi, da dalilin da ya sa ake binne yuriya maimakon a watsa ta a bar wa rana, ba shi da bambanci da aji, sai dai waɗannan ɗaliban suna saurara domin kuɗinsu ne a ciki. Sauran jami'ai suna karanta abin da ke jikin kwalba, shi yana bayyana dalili. Manoma suka riƙa kiran sa Malam ba tare da an gaya musu tsohon aikinsa ba.

A gida kuwa lissafinmu ya tabbata. Lesin ya tafi. Gonar Dakace ya ba ƙaninsa bisa rabo, taki na biyu ya makara, amfanin ya ragu. Yaran da da shi ke duba musu aikin gida bayan isha, yanzu yakan tarar sun yi barci.

Kaka ce ta nuna masa ɗaya fuskar aikin. Farashin masara ya faɗi a 2025, taki kuwa da tsada manoma suka karɓa. An yi ta danganta faɗuwar da hatsin da aka shigo da shi bayan gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024, da kuma yawan amfanin da aka samu. Ko ma mene ne dalili, tunda da naira aka rubuta bashin, manomin da ya yi tsammanin zai biya da buhu kaɗan sai ya ga ana neman kusan rabin abin da ya girbe. Wasu suka biya suna ƙunƙuni, wasu suka kwashe masara da dare suka kai kasuwa, wasu suka daina ɗaukar waya. Mutumin da aka yi wa shimfiɗa a watan Yuli, a Disamba idan aka ji ƙarar babur ɗinsa sai yara su fito su ce maigida ba ya nan. Ya gaya mini cewa a shekarunsa na koyarwa ba a taɓa ɓoye masa ba sai a wannan aikin, kuma ranar da ya tsaya a kan wani dattijo ana auna masara ana lodawa a mota, matan gidan na leƙe, bai iya cin abincin dare ba. Wannan ba ya cikin lissafin da muka yi da biro, kuma da wuya a sa masa farashi.

Bai kai kason da ake nema ba, garaɓasa ta wuce shi. Wasu jami'an da kwantiraginsu ya ƙare a Disamba ba a sabunta musu ba. Nasa sai ƙarshen Mayu.

Duk da haka, a ganina shawararsa ta yi daidai, amma daidai da shi. Shekarunsa ba su kai arba'in ba, fanshonsa mai bin sa ne, bashinsa ƙarami ne da buhuna kaɗan suka share, abin da ya karanta yana da kasuwa a wajen aji, kuma ya fita ta ƙofa, da takarda mai tsabta da lasisi a hannu. Tun da ya fara bai ci bashi ba, ya biya hayar shekara a dunƙule, ya ajiye abin da zai riƙe gida wata biyu. Wani abokin aikinmu mai shekara 51, wanda ya fara aiki tun a tsohon tsarin fansho kuma yake da 'ya'ya biyu a jami'a, ya zo mini da irin wannan tayin daga wani wurin. Na ce masa ya zauna, ya ƙara wa gonarsa ƙarfi. Takarda iri ɗaya ce, amma abin da kowannensu zai ajiye kafin ya ɗauke ta ba ɗaya ba ne.

A makaranta, wata 'yar bautar ƙasa da ta karanta kimiyyar halittu ce ke riƙe da kemistiri. Tana iya ƙoƙarinta, sai dai ba ta saba da ɗakin gwaje-gwaje ba, kuma wa'adinta na ƙarewa za ta tafi. Shugaban makaranta ya aje fushi ya kira malamin, yanzu da rani ya rage masa zirga-zirga, yakan zo wasu ranakun Asabar ya yi wa 'yan aji uku gwajin awon asid, ƙungiyar iyaye da malamai na ba shi kuɗin mai.

Kamfanin bai sanar da yawan manoman da zai ɗauka a damina mai zuwa ba, kuma da yawan manoma ake yanke yawan jami'ai. Wani dillalin taki a Sabon Gari ya yi masa maganar riƙe masa shago da rumbu idan ta kama, albashin bai kai na kamfani ba amma babu bin bashi a ƙauye. Bai ba da amsa ba tukuna. Abin da ya riga ya yanke shi ne zai karɓi rabin gonar Dakace daga hannun ƙaninsa bana, ko an sabunta masa ko ba a sabunta ba, kuma ya sayi takin tun yanzu.